Daren da na buge kangaru a hanyar Broken Hill

Matar da ke karɓar kuɗin mai a Yunta, wani ƙaramin gari a Ostireliya, ba ta ko ɗago kai ba sa'ad da ta tambaye mu inda muka dosa. Da Auta ya ce mata Broken Hill, sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta leƙa ta taga ta ƙare wa motarmu kallo, sannan ta dubi rana da ta riga ta yi ja tana shirin faɗuwa. Ta ce, "A wannan 'yar motar? Yanzu?" Ta ce akwai ɗakunan kwana a garin, mu kwana mu tashi da safe, kuma ba sammakon asuba take nufi ba, mu bari sai hantsi ya ɗaga. Na yi mata godiya irin ta wanda ba shi da niyyar ɗaukar shawara, na karɓi canjina.

Auta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa ta uku ke nan yana karatu a Adelaide, babban birnin jihar Ostireliya ta Kudu, ni kuwa baƙo ne da na zo yin sati uku. Tun ina Kano ya ba ni labarin wani ƙaramin masallaci na kwano a Broken Hill, wanda masu raƙuma suka gina a 1891, kuma tun ranar na ƙudurta sai na kai goshina ƙasa a cikinsa. Tafiyar kilomita 500 ce da ɗoriya. Da mun tashi da safe, da la'asar a can za ta same mu. Amma ranar Juma'a ce, kuma na nace sai mun yi salla a tsohon masallacin Adelaide, wanda shi ma masu raƙuman ne suka kafa tun 1888. Bayan an sallame aka shiga gaishe-gaishe. Duk wanda ya ji an ce ga yayan wane daga gida sai ya riƙe hannuna ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, wani ɗan Gana mai jin Hausa kuma ya rantse sai mun ci shinkafarsa. Ƙarfe biyu da kwata muka bar gari.

Ni na karɓi tuƙi. A hannun hagu ake tafiya a can, sitiyari yana dama, irin yadda ake yi a Najeriya kafin 1972, zamanin da mahaifinmu ya sha ba mu labari. Kwana goma na yi ina kunna abin share gilashi duk lokacin da na so ba da sigina, amma zuwa wannan rana hannuna ya faɗa, kuma ina jin kaina.

Farkon watan Satumba ne, sanyinsu ya fara ja da baya. Daga Gawler zuwa Burra ƙasa shar take: gonakin alkama iya ganinka, da wasu masu fure rawaya fatau da ake matse mai daga 'ya'yansu. A Burra, tsohon garin haƙar tagulla, muka yi la'asar a gefen wani rafi. Daga nan sai ƙasa ta fara canja fuska. Auta ya ce mun kusa tsallake layin Goyder, wato iyakar da wani jami'in safiyo mai wannan suna ya shata a 1865, yana gargaɗin cewa arewa da ita ruwan sama bai isa noma ba. Mutane suka ƙi ji, suka je suka yi shuka, fari ya koro su. Har yau kangayen gidajensu na dutse suna nan tsaye a bakin hanya babu rufi. Bayan Terowie bishiyoyi suka ɗauke, sai gajerun tsirrai masu ruwan toka da jar ƙasa. Wanda ya taɓa bin hanyar Damagaram zuwa Tanut zai ce gida ya komo, sai dai babu ƙauye, babu mai jaki, babu yarinya mai tallar gyaɗa. Kwalta ce kawai da shiru.

Sai mushen kangaru. Da fari ina ƙirgawa, da na wuce ashirin na bari. Wasu sababbi ne, jini bai bushe ba, wasu sun kumbura, wasu fata ce kawai ta manne da ƙashi. Na lura da yawansu an fesa musu fenti a jiki, layi biyu a gicciye, ja ko ruwan hoda. Na tambayi Auta, ya ce shi ma yana gani amma bai taɓa tambaya ba. Babu ungulu a Ostireliya ko guda, don haka aikin ya faɗa kan hankaki da wata ƙatuwar mikiya mai tsinin wutsiya, wadda idan ta buɗe fukafukai sun haura mita biyu. Idan ta ƙoshi ba ta iya tashi da wuri. Sai ka iso daf da ita sannan ta fara jan jiki kamar tsohuwar tirela a hawa, shi ya sa ita ma mota ke kashe ta a kan abincinta. Mun ci karo da jiminar ƙasar, wadda suke kira imu, uba yana gaba 'ya'ya masu zane-zane suna biye, don a wajensu namiji ne ke kwanci da reno. Ta fi kowa wauta a hanya: sai ta yi ta gudu kafaɗa da kafaɗa da mota, can kuma ta yanke shawarar gilmawa. Akwai kuma wani gajeren ƙadangare mai kauri, jikinsa kamar ɓawon abarba, da ke fitowa shan ɗumin kwalta a wannan lokaci na shekara. Biyu na kauce wa.

Awaki ma na nan garke-garke, na daji, babu mai su. Abin da ya ba ni dariya, duk tsawon hanyar ban ga mushen akuya ko ɗaya ba. Za ta tsaya a bakin kwalta tana tauna, ta dube ka, ta ja da baya taku biyu, ka wuce. Akuya dai akuya ce ko a ƙarshen duniya.

Kuma nan ne girman kaina ya samo asali. Shekara ashirin da wani abu ina tuƙi tsakanin Kano da Zariya da Kaduna, da Kano zuwa Maiduguri lokacin da ake binta da dare. Na san dabbobin hanya kamar yadda na san maƙwabtana. Saniya ba ta sauri kuma ba ta fasawa, idan ta sa ƙafa a kwalta sai ta tsallake, kuma in ka ga ɗaya akwai arba'in a baya da yaro mai sanda. Tunkiya bin ta gabanta take ko cikin wuta ne. Jaki tsayawa yake a tsakiya yana tunani. Kare yakan yi rabi ya juyo. Kaza kuwa ba a ma lissafa ta. Kowace da ɗabi'arta, in ka karance ta ka zauna lafiya. Na ɗauka kangaru ma darasi ne na minti biyar.

Da muka fito daga shagon a Yunta, Auta ya tsaya riƙe da ƙofar mota bai shiga ba.

"Yaya, da mun kwana ɗin."

"Kilomita nawa ya rage?"

"Wajen 200."

"Kano zuwa Kaduna ma ta fi haka. Kuma mun riga mun biya kuɗin masauki a can. Shiga mu tafi."

Bai ƙara cewa komai ba. Ƙani ne, kuma haka aka rene mu. Na sha tunawa da wannan shirun nasa daga baya, don shi ne mai shekara uku a ƙasar, motar ma tasa ce, wata tsohuwar Corolla da ya tara kuɗin aikin dare a gidan burodi ya saya. Muka haɗa magariba da lisha a bayan shagon, muka kama hanya.

An yarda ka yi gudun kilomita 110 a awa a wannan hanya. Na sauko zuwa 90, ina ganin na yi wa matar Yunta adalci. Minti goma ba a yi ba na ga kangaru na farko mai rai, yana tsaye a gefen hagu kan ƙafafu biyu da wutsiya, kamar mutum mai jiran mota. Fuska ta barewa, kunnuwa na jaki, 'yan hannuwa a ƙirji kamar mai roƙon afuwa. Muka wuce shi bai motsa ba. Sai na biyu, sai uku a tare, sai na daina ganin ɗaiɗai, gefen hanya duka ya zama inuwoyi masu ɗaga kai. Duk yinin nan da muka yi muna ganin daji fayau, ashe suna nan kwance a ƙarƙashin tsirrai suna jiran rana ta faɗi.

Daga baya aka fahimtar da ni abin da ke kawo su. Ɗan ruwan da ya sauka a kan kwalta gangarewa yake zuwa gefe, don haka a ƙasar da ko'ina ya bushe, bakin hanya ne ke da ɗanyar ciyawa. Wato mu ne muka shimfiɗa musu akushi a wurin da ya fi ko'ina haɗari. Su kuma da almuru da asuba suke kiwo, daidai lokacin da idon direba ya fi rauni. Ga yawa: a shekarun da aka samu ruwa sukan haura miliyan 40, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 30 ba.

Mun wuce Mannahill, 'yan gidaje da tashar jirgin ƙasa da babu kowa. Duhu ya rufe. Auta ya zama ɗan leƙen hanya, yana cewa, "Hagu, Yaya. Dama. Ga wani can." Na sauko 80. Sau biyu na taka burki wasu suka gilma. Na fara jin na gane su: idan na ga suna kallon daji, daji za su nufa.

Wadda na buge kuwa tana dama, bayanta ta ba mu, kanta na fuskantar daji. Na gan ta sarai. Har na ɗauke ido daga kanta ina duban gaba. Tsalle ɗaya ta yi ta nufi dajin, ta dira, sai kawai ta juya a kan wutsiya kamar an kira sunanta, ta yi tsalle na biyu ta faɗo cikin hasken fitilata. Ba ta ƙasa ta zo ba, daga sama ta sauko. Hannuna ya fara karkata sitiyari, na ji Auta ya daka tsawa, "Kar ka kauce!" A rayuwarsa bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Na miƙe sitiyarin na danne burki da duk ƙarfina. Ƙarar ba irin ta ƙarfe da ƙarfe ba ce, wani dum ne mai nauyi da na ji a ƙirjina kafin kunnena. Bonet ya lotsa ya taso, fitilar dama ta mutu, wani abu ya gangara ta gefe. Motar ta ja ta tsaya a miƙe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ban san wanda ya fara faɗa ba a cikinmu.

Na gangara da motar gefe, na kunna sigina biyu. Sanyi ya dake ni da na fito. Taurari kamar an watsa gero, kuma babu hasken gida ko ɗaya ta kowace kusurwa. Wayoyinmu babu sabis. Muka koma baya da fitilar waya, wajen taku talatin, muka same ta kwance rabi a kwalta rabi a tsakuwa. Launinta toka-toka mai shuɗi, wutsiya kamar taɓarya. Ƙafarta ɗaya ta shura sau biyu, ta saki.

Zan faɗi abin da ya zo mini, ko da za a yi dariya. Na farko, na waiga ina neman mai ita. A gida idan ka buge dabba, kafin ka buɗe ƙofa mutane sun fito daga inda ba ka san akwai mutane ba. Wani ya zaro wuƙa yana cewa a yanka kafin ta mutu ta zama mushe, wani ya tafi kiran mai ita, a kai magana gaban mai unguwa, a ce tana da ciki ko da bunsuru ne, a yi ciniki, ka biya, a ce Allah ya kiyaye gaba. Da zafi, amma yana da ƙarshe: ka biya, ka sauke. Nan kuwa babu wanda zan bai wa haƙuri, babu wanda zai yi mini tsada. Na tsaya da hannuna a aljihu a kan walat ɗina kamar wawa.

Mun kai minti ashirin a wurin. Wata doguwar tirela mai jan wagunu ta wuce ba ta ko rage gudu ba, iskarta ta kusa kayar da mu. Irin waɗannan ba sa tsayawa don kangaru, kuma su ne ke shimfiɗa yawancin mushen da muka gani. Sai ga wata akori-kura daga bayanmu, ta rage gudu ta tsaya. Gabanta an ɗaura wasu ƙarafa masu kaurin dantse tun daga bamba har saman bonet, da fitilu huɗu a kai, kare na zaune a baya. Wani dattijo ya fito, gajeren wando a cikin wannan sanyi. A wata gonar tumaki yake aiki, garin zai shiga.

Ya tambaya ko wani ya ji ciwo, muka ce a'a. Ya haska ƙarƙashin motar, ya taɓa lagireto, ya sansana yatsunsa, ya ce ba ya yoyo, mun yi sa'a. Ya ce sa'a ta biyu ita ce mace ce. Macen jan kangaru ba ta cika wuce kilo talatin da 'yan kai ba, amma ƙaton namiji yakan doshi kilo 90, kuma tsayinsa ya kai na mutum. A mota mai gajeren gaba irin tamu, kan bonet yake hawa ya shigo ta gilashi, in kuma bai mutu ba ya yi ta shuri a cikin mota da faratan nan. Sa'a ta uku, in ji shi, ita ce ban kauce ba. Waɗanda hanyar nan ta kashe, yawancinsu ba kangaru ne ya kashe su ba, kaucewa suka yi taya ta hau tsakuwa mota ta wuntsila, ko suka rungumi bishiya. Na dubi Auta, ya sunkuyar da kai.

Sai dattijon ya ce, "Kun duba jakarta?"

Ba mu gane ba. Ya kama ta ta wutsiya ya ja ta nesa da kwalta, ya ce don kada mikiya ta zo ci gobe ita ma a take ta. Ya durƙusa ya ba ni tocila in haska masa. A ƙasan cikinta akwai wata 'yar ƙofa a fata, ya sa yatsu ya buɗe, sai na ga wani abu ya motsa. Ƙafa ce, doguwa siririya, ta fi jikin mai ita. Gabana ya faɗi fiye da lokacin da na buge ta.

Ya sa hannu biyu a hankali ya tallabo shi ta baya, bai ja ƙafa ko wutsiya ba. Ɗan ya fara gashi, sumul kamar karan-miski, idonsa a buɗe, yana wani ɗan tari-tari na kiran uwa. Jowi suke kiran ɗan kangaru. Dattijon ya ce wannan zai yi wata biyar zuwa shida. Da jajir yake babu gashi, bakinsa na manne da nono, ba a fizge shi, sai dai a yanko nonon tare da shi, in ba haka ba bakin ya yage. Ya ce ɗa yakan yi kwanaki da rai a jakar uwar da ta mutu, har sanyi ko yunwa ko tururuwa su gama da shi. Ya miƙe ya ɗauko gwangwanin fenti a motarsa, ya fesa layi biyu a gicciye a jikin uwar. Nan na sami amsar tambayata ta rana. Alama ce ga mai zuwa cewa an riga an duba wannan, kada ya tsaya. Wato duk fentin da na gani tun daga Terowie, wani ne ya taka burki, ya fito, ya durƙusa ya sa hannu a cikin mushe.

Ya ce in cire hular sanyina. Ya zura ɗan a ciki da kai, ɗan ya wuntsila ya naɗe kansa kamar ya koma gida. Ya ce in sa shi cikin rigata ya ji ɗumin jiki da bugun zuciya, kada a kunna rediyo, kada a yi ta leƙa shi. Na ce muna da madarar shayi a mota. Ya ɗaga hannu da sauri: ko ɗigo. Madarar shanu zawo take sa su har su mutu. Ko ruwa kada in ɗura masa.

Auta ya karɓi tuƙi, ba tare da an yi shawara ba. Dattijon ya ce mu bi bayansa, mu bar tazara, ƙarfensa ya share mana hanya. Haka muka yi ta tafiya a kan 60 zuwa 70 da fitila ɗaya, muka wuce Olary, muka wuce Cockburn inda aka shiga jihar New South Wales. Sau da yawa fitilun burkinsa sukan kama, mu ga inuwa ta gilma. Ni kuwa ina zaune da goyo a gaba, ban iya jingina sosai ba. Can sai in ji ƙafa ta tokare ni a haƙarƙari. Na tuna an ce kwana 33 kacal uwar ke ɗaukar ciki, ta haife shi bai fi ƙwayar gyaɗa ba, makaho, ya rarrafa da kansa cikin gashi har ya faɗa jakar, ya yi wajen wata takwas a ciki. Wannan ya yi fiye da rabin tafiyarsa, sai ga ni daga Kano.

"Yaya, yana numfashi?"

"Yana yi. Dubi hanya."

Da sabis ya dawo dattijon ya yi waya. Sha ɗaya saura muka tsaya a ƙofar wani gida a gefen gari. Agogonmu bai canja ba, don Broken Hill, ko da yake tana New South Wales, lokacin Adelaide take bi, rabin awa bayan Sidni, babban birnin jihar. Wata mata mai furfura ta fito da rigar barci da jakar ƙyalle a hannu. 'Yar sa-kai ce, ba a biyan ta ko sisi, amma tana da izinin hukuma, don doka ba ta yarda kowa ya ajiye dabbar dajin ƙasar a gida haka kawai ba. A falonta na hango jakunkuna uku rataye a jikin kujeru, kowace da kunnuwa ko ƙafa a waje. Ta juye ɗan daga hulata zuwa jakarta, ta shafa ƙafafunsa da kashin bayansa, ta ce babu karaya, namiji ne. Akwai madara ta musamman da ake haɗa musu, kuma duk bayan awa huɗu za ta tashi ta ba shi, dare da rana, watanni, kafin a kai shi inda zai koyi zama da 'yan'uwansa a sake shi daji.

Na ce mata ni na kashe uwar. Ina jiran faɗa, ko aƙalla kallon banza. Ta ce kusan duk wanda ya daɗe yana tuƙi a yankin ya taɓa bugewa, ita ma ta buge. Ta ce ba masu bugewa ne ke ba ta haushi ba, masu wucewa ne. Na ciro kuɗi na miƙa, ta nuna mini wani gwangwani a kan tebur na kuɗin madara. Na zuba duk abin da ke walat ɗin. Ban ji na sauke ba kamar yadda nake ji a gaban mai unguwa, amma dai hannuna ya sami inda zai ajiye abin da ya ɗauko tun a daji. Dattijon kuwa ko shayi bai tsaya sha ba. Ban tambayi sunansa ba.

Washegari muka je masallacin. Ɗan ƙarami ne, kwano sama kwano gefe, an shafe shi da jan fenti, ɗakin kwanan wani ma ya fi shi girma. Ƙungiyar tarihin garin ce ke kula da shi. Waɗanda suka gina shi ana kiransu Afganawa, ko da yake da yawansu daga Balucistan da Sind da Panjab suka fito. Tun daga 1860 aka fara kawo su da raƙumansu, su suka yi dakon ulu da ruwa da kayan waya da na layin dogo a wuraren da doki ya gaza, har garin nan na azurfa da darma ya tsaya da ƙafarsa. Da motocin ɗaukar kaya suka zo a shekarun 1920, aiki ya ƙare, da yawa suka kwance raƙuman suka sake su. Jikokin raƙuman nan suna can tsakiyar ƙasar da dubban ɗaruruwa, kuma su ma mota na karo da su. Na yi raka'a biyu a kan tsohuwar darduma. Haƙarƙarina na dama yana ɗan ciwo inda aka yi ta tokara.

Mai gyaran jikin mota ya dubi Corolla ya yi fito. Ya ce rabin abincinsa kangaru ne ke kawo masa. Inshorar Auta irin mai biyan ɓarnar da ka yi wa motar wani ce kawai, kangaru kuwa ba motar wani ba ne. Kuɗin da ya ambata na sabon bonet da bamba da fitila ya kusa kuɗin motar. A Ƙofar Ruwa da an buge bonet ɗin nan da guduma kafin azahar. Muka samo fitila ta hannu a wajen masu fasa tsofaffin motoci, aka ɗaure bamba da waya, sauran na ce a wuyana yake idan mun koma. Shi ne ya ba mu labarin kamfanin motoci na Volvo, wanda a 2017 ya yarda cewa na'urarsa mai hango manyan dabbobi a hanya ta rikice a kan kangaru: idan yana sama sai ta ɗauka yana nesa, idan ya dira sai ta gan shi kusa. Na ɗan ji sanyi. Ya kuma ce masu motar haya su karanta takarda da kyau, don sau da yawa an rubuta cewa dabbar da ka buge a daji tsakanin faɗuwar rana da fitowarta, kai za ka biya.

Ranar Lahadi ƙarfe tara na safe muka juyo, Auta ke tuƙi. Daji fayau, babu kangaru ko ɗaya sai awaki. Mun zuba ido tun daga Olary. Gilasan fitilarmu muka fara gani suna ƙyalli a kwalta, sai baƙin layin taya guda biyu, a miƙe. Tana can inda dattijon ya ja ta, jan fenti a gefen cikinta, mikiya biyu a kanta da hankaki suna jiran layi. Ba su tashi ba, don sun yi nisa da hanya. Auta ya rage gudu, bai tsaya ba.

A Yunta na ce ya shiga ya biya kuɗin man, ni zan jira a mota. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Yaya, ai ta riga ta ga bonet ɗin ta taga."